Yadda Ake Haɗa Direban LED Mai Arha Wanda Ba Ya Cinye Ƙwai

Akwai wani mai shayi da ke kafa teburinsa kusa da rumfata bayan magariba. A bazarar da ta wuce sau uku yana kawo mini fitilarsa gyara. Ƙwan LED uku ne masu wat 3 kowanne, an manna su a kan guntun marfin gwangwani, an haɗa su da ƙaramin batir da rezistans guda ɗaya, wato ɗan abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa. Duk zuwan da zai yi sai in tarar ƙwai ɗaya ya yi baƙin ɗigo a tsakiya, kamar an ɗosa masa garwashi. A zuwa na uku ya ajiye ta a kan teburina ya ce: "Maigida, don Allah ka gaya mini gaskiya, ƙwan ne jabu ko hannun mai haɗin ne?"

Na ce masa: "Malam, ƙwan yana da nasa laifi, amma babban laifin na abin da ke ciyar da shi ne."

A daren na haɗa masa abin da zan bayyana a nan, wato direba, ɗan haɗin da ke ƙayyade wa LED yawan wutar da zai sha. Kayan da suka shiga ciki ba su kai goma ba, fiye da rabinsu kuma daga matattun kayan da ke jibge a bayan rumfa na ciro su.

LED ba ya sanin ya ƙoshi

Tsohon ƙwan lantarki mai zare shi ke tsare kansa: idan zaren ya yi zafi sai ya ƙara tauri ga wuta, ya rage abin da yake sha. LED akasin haka yake. Halinsa irin na jar akuya ne da ta faɗa buhun hatsi, ci za ta yi ta yi har kumburi ya kayar da ita. Farin LED mai ƙarfi yana aiki ne tsakanin bolt 3.0 da 3.4. Ka ƙara masa kashi biyu ko uku cikin goma na bolt, wutar da ke ratsa shi tana iya ninkawa. Wani abin kuma, duk sanda ya ƙara zafi da digiri ɗaya, bolt ɗin da yake buƙata yana raguwa da kamar milibolt 2 zuwa 4. Ya yi zafi, ya ƙara jan wuta. Ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi. Haka zai yi ta yi har ya mutu.

Wannan rawayan abu da kake gani a saman farin ƙwai wani shafe ne da aka ɗora a kan shuɗin LED, irin wanda ya sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. Shafen ne ke mayar da shuɗin haske fari. Idan ka ga haske ya fara komawa shuɗi-shuɗi, ko shafen ya fara yin ruwan ƙasa, zafi ya riga ya fara cin ƙwan.

Saboda haka abin da ake ƙayyade wa LED shi ne yawan wutar da ke ratsa shi, wato amper. Mai wat 1 yana son miliamper 350 (miliamper 1000 ne amper 1), mai wat 3 kuma miliamper 700. Bolt kuwa shi zai ɗauki gwargwadon abin da yake so da kansa.

Rezistans shi kaɗai zai iya wannan aiki da a ce batir yana tsayawa wuri guda. Ba ya tsayawa. Batir mai bolt 12 idan ya cika ya huta yana nuna 12.6 ko 12.7, idan an sauke shi daga caji yanzu-yanzu ya haura 13, idan kuwa faifan sola yana cika shi da rana yana kai 14.4. A fitilar mai shayin, ƙwai uku a jere suna ɗauke kamar bolt 9.6, an sa rezistans mai om 3.3 bisa lissafin bolt 12. A bolt 13 wutar ta riga ta doshi amper 1, a 14.4 ta wuce shi sosai. Ga shi kuma a watan Afrilu da Mayu iskar Maradi kanta tana haura digiri 40, ƙwan kuma yana zaune a kan marfin gwangwani. Ba abin mamaki ba ne.

Kayan da za ka tanada

Uwar aikin ita ce mosfet mai lamba IRFZ44N, wani irin taransisto mai ƙafafu uku da ke buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. IRF3205 ma yana yi. Na fi son wanda na ciro daga tsohuwar inbata ko matacciyar na'urar riƙe wuta ta kwamfuta fiye da sabo na kasuwa, domin a cikin sababbin akwai masu lambar gaskiya a jiki amma ciki ba haka ba ne. Sai ƙaramin taransisto BC547. Sai rezistans: ɗaya mai kilo-om 10, zobensa ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, ɗaya mai kilo-om 1, ruwan ƙasa, baƙi, ja, da biyu masu om 1.8 na wat 1, zobensu ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan zinariya. Idan irin fararen nan ne masu kama da alli, za ka ga an rubuta 1R8 a jikinsu. Ka ƙara da fiyus mai amper 2, maɓalli, guntun allo mai ramuka, da ƙarafan alminiyam biyu na sanyayawa, babba don ƙwai, ƙarami don mosfet. Kayan aiki kuwa ƙarfen dalma ne da dalmarsa, da mitar gwaji. Wanda ba shi da mita ya ara, kada ya fara aikin nan da ka.

Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a babbar kasuwa suna da yawancin waɗannan. Abin da ya fi wuyar samu shi ne rezistans mai ƙaramin om. Idan 1.8 ya gagara, 2.2 guda biyu kafaɗa da kafaɗa, wato a haɗe ƙafafunsu biyu-biyu, suna ba da om 1.1, wuta ta tsaya wajen miliamper 550, kuma a ganina hakan ma ya fi wa ƙwan sauƙi.

Yadda abin yake aiki

Ka tuna mai ban ruwa a garka a bakin gulbi. Injin yana turo ruwa yadda ya ga dama, shi kuwa yana tsaye da fartanya a bakin hanya, idonsa a kan fangali. Ya ga ruwa ya yi yawa ya ɗan toshe, ya ga ya ja baya ya ɗan buɗe. Mosfet shi ne bakin hanyar, BC547 shi ne mai fartanya.

Wuta tana fitowa daga + na batir, ta ratsa ƙwai, ta ratsa mosfet, ta ratsa ƙaramin rezistans ɗin awo, ta koma − na batir. Rezistans mai kilo-om 10 yana jan ƙafar G ta mosfet, wato ƙafar da ke buɗe shi da rufe shi, sama, ƙofa ta buɗe. Wutar da ke wucewa tana haifar da ɗan bolt a kan rezistans ɗin awo. Da zarar wannan ya kai kusan 0.6, sai BC547 ya farka ya fara jan ƙafar G ƙasa, ƙofar ta ɗan rufe. Nan abin zai daidaita ya tsaya, ko batir ya hau ko ya sauka.

Lissafin ɗaya ne tak: ka raba 0.6 da amper ɗin da kake so, ka samu om na rezistans ɗin awo. Mai om 1.8 guda ɗaya yana ba da wajen miliamper 330, daidai da ƙwai mai wat 1. Biyu kafaɗa da kafaɗa sun zama om 0.9, wato wajen miliamper 670, daidai da mai wat 3. Wannan 0.6 ba a sassaƙe yake a dutse ba, yana yawo tsakanin 0.55 da 0.65 gwargwadon taransiston da ka samu, shi ya sa dole a auna bayan an gama. Yana kuma raguwa da kamar milibolt 2 a duk digiri ɗaya na zafi. Wannan hali ina ƙaunarsa ƙwarai: ranar da gari ya yi zafi, direban da kansa zai ɗan rage wa ƙwai wuta.

Ƙwai nawa za a jera? Direban yana buƙatar a bar masa aƙalla bolt 1. A batir mai bolt 12, fararen ƙwai uku a jere su ne daidai: 9.6 da 1 sun zama 10.6, fitila za ta riƙe haskenta har batir ya yi ƙasa. Huɗu ba za su samu isasshen bolt ba. Ɗaya ko biyu za su kama, amma duk rarar bolt a kan mosfet za ta sauka ta zama zafi, kana ƙona batir a banza.

Haɗi, daki-daki

Fara da ƙwai. Wanda yake zaune a kan ɗan farantinsa mai kama da tauraro shi za ka saya. Ka goge alminiyam ɗin ya yi sumul, ka shafa ɗan farin man nan na isar da zafi a bayan tauraron, kamar ƙwayar gero biyu, ka ɗaure da kusoshi biyu. Man ba gam ba ne, aikinsa cike ƴan ramukan da ido ba ya gani. Idan ya yi kauri sai ya zama bargo. Ka kula kada kan kusa ya taɓa wurin dalma. Ƙwai uku masu wat 3 suna cin kamar wat 6.4, kuma fiye da rabin wannan zafi yake zama. Ƙarfen sanyaya ƙwaƙwalwar tsohuwar kwamfuta mai fika-fikai shi ya fi. In babu, ka je wurin masu haɗa taga da ƙofa na alminiyam ka nemi ragowa, faranti da bai gaza santimita 15 kowane gefe ba, kauri milimita 2 ko fiye. Sannan ka jera su: − na farko zuwa + na biyu, − na biyu zuwa + na uku. Ya rage maka + ɗaya a farko da − ɗaya a ƙarshe.

Yanzu ƙafafu, inda mafi yawan yara masu koyo suke faɗuwa. Riƙe mosfet rubutu yana kallonka, ƙafafu ƙasa: daga hagu G, D, S. Riƙe BC547 ɓangaren da yake shafe yana kallonka, ƙafafu ƙasa: daga hagu C, B, E. Idan wani taransisto ka samu a madadinsa, jerin ya canja. 2N3904 da S8050 E, B, C ne. C945, wanda ya cika tsofaffin rediyo, E, C, B ne. Duk suna aikin, muddin ka san wace ƙafa ce wace.

Ɗaure mosfet a kan ƙaramin ƙarfensa kafin ka sa dalma. Sannan ka bi haka. Ƙafar D ta tafi − na ƙwai na ƙarshe. Ƙafar S ta tafi gefe ɗaya na rezistans ɗin awo, ɗaya gefen ya tafi baƙar wayar batir, wato −. Rezistans mai kilo-om 10 ya tsaya tsakanin jar waya, wato +, da ƙafar G. Ƙafar C ta BC547 ta haɗu da G. Ƙafar E ta tafi baƙar waya. Ƙafar B ta bi ta rezistans mai kilo-om 1 ta sauka a kan S, daidai inda S ta haɗu da rezistans ɗin awo. A ƙarshe jar waya daga batir ta ratsa fiyus, ta ratsa maɓalli, ta shiga + na ƙwai na farko. Fiyus ya zauna kusa da kan batir, ba kusa da fitila ba; batir ko ƙarami ne yana iya mayar da waya ja-wur idan ta haɗu.

Wayoyin da ke tsakanin mosfet da BC547 da rezistans ɗin awo su zama gajeru, kamar tsawon gaɓar yatsa. Idan wayar da ta taso daga batir doguwa ce, ka sa kondansa mai mikrofarad 100, bolt 25, tsakanin ja da baƙa a bakin allon.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye mini ƙwai shida a dare ɗaya. Kunnen ƙarfe na bayan mosfet, inda kusa ke shiga, a haɗe yake da ƙafar D. Na ɗaure mosfet a jikin farantin ƙwai don in rage kaya, na rataye farantin da wayar ƙarfe a jikin wata rumfa wadda baƙar wayar batir take taɓawa. Ashe na tsallake direban gaba ɗaya, ƙwai suka sha batir kai tsaye. Haske ya tashi fari fat, ya koma shuɗi, wari ya biyo baya. Na sake sa uku ban gano dalili ba, su ma suka bi sahu. Tun daga ranar, ko dai mosfet ya samu ƙarfensa shi kaɗai wanda ba ya taɓa komai, ko in sa masa siririn maika, ɗan fallen da ba ya barin wuta ta ratsa, a baya da ɗan zoben roba a kan kusa, in kuma gwada da mita in tabbatar babu haɗi.

Girman ƙarfen mosfet lissafi ne. A bolt 12.6, ka cire 9.6 na ƙwai da 0.6 na awo, saura 2.4, ka ninka da amper 0.67, wat 1.6 ke nan. A bolt 14.4 ya zama wat 2.8. Mosfet irin wannan idan tsirara yake yana ƙara zafi da kamar digiri 60 a kan kowane wat ɗaya, ka ga ba zai rayu ba. Ƙarfe mai fika-fikai kamar girman kwalin ashana biyu, irin wanda ake cirowa daga allon tsohuwar talabijin, ya wadatar. BC547 kuma kada ya jingina da shi.

Gwaji kafin a ba ƙwai wuta

Ban taɓa barin yaron rumfata ya kunna sabon direba a kan ƙwai ba. Cire ƙwan, ka sa ƙwan sigina na mota mai bolt 12, wat 21, a gurbinsu. Mayar da mita kan amper 10, ka sa ta a jere da jar waya, ka kunna. Ƙwan motar da kansa zai so jan kusan amper 1.75. Idan haɗinka daidai ne zai yi ja-ja kawai, mita ta tsaya tsakanin 0.6 da 0.7. Daƙiƙa goma sun isa, domin a wannan gwaji kusan duk nauyin a kan mosfet yake.

Idan ƙwan motar ya haska sosai, mai fartanya ba ya aiki: ko ka juya ƙafafun BC547, ko mosfet ɗin a ƙone yake tun asali. Idan bai kama ba sam, auna bolt tsakanin G da baƙar waya. Ka ga kusan sifili, BC547 ya haɗe ciki ko dalma ta tsallaka tsakanin ƙafafu. Lokacin da komai ke tafiya daidai za ka ga wajen bolt 4 zuwa 5 a nan.

Gwaji ya yi kyau, mayar da ƙwai, ka juya fuskarsu ga bango kafin ka kunna. Kada ka kalle su kai tsaye, suna cutar da ido. Yanzu ba sai ka yanke waya ba: auna bolt a kan rezistans ɗin awo ka raba da om ɗinsa. Ka ga 0.59 a kan om 0.9, wajen miliamper 655 ke nan. Bar ta a kunne rabin awa, da rana tsaka in da hali, sannan ka ɗora yatsa a kan farantin kusa da ƙwai. Idan za ka iya ƙirga goma ba ka ɗauke ba, lafiya lau. Idan ka fizge hannu tun kafin biyar, ƙarfen ya yi kaɗan ko wutar ta yi yawa.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara. Ƙwai da yawa da ake sayarwa da sunan wat 3 abin da ke cikinsu ƙarami ne, na wat 1. Ko na gaskiya ne, miliamper 700 da aka rubuta masa lissafi ne na wanda ya samu sanyaya mai kyau, ba na rumfar kwano a Sabon Gari cikin Mayu ba. Ni a miliamper 500 zuwa 550 nake barin nawa. Ido da ƙyar yake ganin bambancin, amma ƙwan yana gani. LED ya fi ba da haske a kan kowane wat idan ba a matse shi ba, don haka rabin wuta yana ba da fiye da rabin haske.

Ga wata ƴar dabara da mai shayin ya fi jin daɗinta. Bar rezistans mai om 1.8 guda ɗaya a haɗe dindindin, na biyun ka bi da shi ta wani maɓalli. Lokacin cinkoson masu shan shayi ya kunna duka, dare ya raba ya koma miliamper 330. Batir mai amper-awa 7, idan rabinsa kawai ake sha kamar yadda ya kamata, yana ba da wajen awa 5 a babban haske, fiye da 10 a ƙarami. Sai dai direban bai san tausayin batir ba, zai yi ta ja har ya tsotse shi. Mai na'urar daidaita cajin sola ya ɗauki wutar fitilar daga bakin da aka ware wa kaya, domin ita take yankewa idan batir ya yi ƙasa. Wanda ba shi da ita ya riƙa kashewa idan mita ta nuna ƙasa da bolt 12.

Idan haske ɗaya bai isa ba, kada ka ɗora jeri biyu kafaɗa da kafaɗa a kan direba ɗaya. Ba za su raba wuta daidai ba, wanda ya fi zafi zai kwashe kaso mafi tsoka, in ya mutu ya bar wa ɗan'uwansa duka. Kowane jeri da direbansa.

LM317 fa?

LM317 wani ɗan daidaita wuta ne mai ƙafafu uku, masu gyara da yawa shi suka sani, kuma ya fi sauƙin haɗi: rezistans ɗaya tsakanin ƙafar OUT da ADJ, a ɗauki wutar ƙwai daga ADJ. Idan rubutu yana kallonka ƙafafunsa ADJ, OUT, IN ne, kunnensa a haɗe da OUT. Lissafinsa 1.25 a raba da amper: om 3.6 don miliamper 350, om 1.8 na wat 2 don kusan 700. Ya fi namu tsayawa daidai, yana kuma kashe kansa idan zafi ya yi masa yawa. Matsalarsa ci: shi da rezistans ɗinsa suna ɗauke fiye da bolt 3. Ƙwai uku da shi suna neman kusan bolt 13, batir kuwa ba ya daɗewa a nan. Inda yake da amfani shi ne kan tsohuwar cajar kwamfutar hannu mai bolt 19, da ƙwai huɗu a jere.

Wannan caja tana ɗaukar namu direban ma, da ƙwai biyar. Amma ƙafar G ta IRFZ44N ba ta jure fiye da bolt 20 tsakaninta da S, don haka duk abin da ya haura bolt 16 sai ka sa mata zena, wato ɗan diyod da ke hana bolt wuce iyaka, mai bolt 12, ɓangaren mai zobe a kan G, ɗayan a kan S. Wutar gida mai bolt 220 kuwa ba ta da wata alaƙa da wannan haɗi. Kada ka kusantar da shi gare ta sai ta hanyar caja ko adafta da aka ƙera don haka.

Wanda yake son tattalin batir fiye da haka, akwai ƙananan alluna na sayarwa masu PT4115, suna karɓar bolt 6 zuwa 30, suna yanka wuta da sauri maimakon ƙona rara, lissafinsu 0.1 a raba da om a samu amper. Mai tocila da batir 18650 guda ɗaya kuma AMC7135 ne nasa, kowane ɗaya miliamper 350. Suna da kyau in an same su. Na mosfet ɗin dai shi ne wanda in ya lalace a Tibiri ko Madarunfa, duk mai gyaran rediyo zai iya tayar da shi da abin da ke cikin gwangwaninsa.

Saura gida. Kada ka rufe shi cikin roba ruf. Allon da mosfet su shiga gwangwani ko akwati mai ramuka sama da ƙasa don iska ta ratsa, a ɗora allon a kan guntun katako kada dalma ta taɓa ƙarfe. Farantin ƙwai ya zauna a waje, fika-fikansa a tsaye, da tazarar taƙi ɗaya aƙalla tsakaninsa da kwanon rufi. Da damina ka kare shi daga feshin ruwa, ka sa ɗan raga saboda ƙwari. Da hunturu kuma ƙura tana cika tsakanin fika-fikan har ta zama kamar an yaɓa laka, sai ka riƙa bin su da tsohon buroshin haƙori duk mako biyu, fitila a kashe.